Ƙullutun Cibiyar Haruna Direba

Yaran da suka buɗe shagon aski kusa da tashar Gwaram suna gaishe ni da ladabi, har benci suke ba ni in zauna. Ran nan ina zaune na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa wai wanzanci ba wani abu ba ne, aska ce da ruwa, duk wanda ya iya feraye rogo ya iya. Na tashi na kama hanya. Amma maganar ta biyo ni har gida, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani tun hannu yana iya riƙe biro. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, sai a yi haƙuri da yadda zancen zai fito.

Sunana Sa'idu, amma daga Gwaram har Sara ba wanda ya san ni sai an ce Sa'idu Wanzam. Kan farko da na aske ba na mutum ba ne, duma ne. Baffa Idi, ƙanin mahaifina, shi ya koya mini sana'a. Sai ya shafe duma da sabulun salo, ya miƙo mini aska, ya ce in kwashe kumfar ba tare da na karce bayan duman ba. In ya ga karce, ya sake shafawa. Ana ta murnar samun mulkin kai a Birnin Kudu, ni ina zaure ina fama da duma. Kafin wannan ma na daɗe ba abin da nake yi sai ɗaukar zabira, da wanke ƙaho, da wasa aska a dutse sannan a fata, har sai ta iya share gashin damtse ba tare da an ji ta ba. A cikin zabirar akwai manyan asake na aski, da 'yar ƙaramar aska ta tsaga, da ƙahoni manya da ƙanana, da guntun jijiyar sa da ake taunawa a toshe bakin ƙaho, da ƙullin garin magani na tsai da jini. Kowanne da aljihunsa. Baffa yakan sa hannu ba tare da ya duba ba, in ya ciro abin da ba shi yake nema ba, ranar ba ni da kwanciyar hankali.

Askin suna na farko da ya bar mini, jaririyar wani manomi ce a bayan gari. Kan jariri ba ƙashi ba ne duka. A tsakiya akwai maɗiga, fata ce kawai, tana motsi sama da ƙasa, kana ganin ran yaron yana bugawa a ƙarƙashin askarka. Mata sun kewaye ka, kaka tana tsaye a kanka, yarinya tana tsala kuka tana fizge kai. A nan ake sanin amfanin duma.

Abin da ya fi ba ni wuya kuwa ba ya cikin zabira. Taɓawa ce. Wata ranar kasuwa aka kawo wa Baffa wani makiyayi da kumburi a hammata. Baffa ya ce in rufe ido in taɓa. Ya ce, "Me yatsunka suka ce?" Na ce zafi. Ya ce, "Sai me?" Na ce yana bugawa, tsakiyarsa kuma ta yi laushi. Ya ce, "To ya nuna, ɗauko aska." Haka ya yi ta yi mini da kowane kumburi. Maruru yana da zafi, yana da baki, in bai nuna ba a jira shi. Akwai ƙullutun kitse mai gudu a ƙarƙashin fata, wannan ba ruwansa da kowa. Akwai cibiyar da kan turo waje, mai laushi, in ka danna ta koma ciki tana ƙugi. Wannan hanji ne, wanzamin da ya sa mata aska ya yi kisa. Ban ce duk abin da muka yi daidai ne ba. Na cire wa jarirai beli da yawa don haka muka tarar ana yi, kuma akwai waɗanda jininsu ya ba mu wahala ƙwarai kafin ya tsaya. Da yau ne ba zan taɓa su ba, Allah ya yafe mana. Amma taɓawar nan kafin aska, ita ban taɓa nadamarta ba.

A zamaninmu kowane gida da wanzaminsa. Gidan da ubanka ya aske, kai za ka aske shi, ɗanka ya gaje ka. Kai ne askin suna, kai ne kaciya, kai ne ƙaho, da kaka kuma a aiko maka da damin gero ko na dawa. Wani wanzami ba ya sa aska a jikin mutumin gidanka sai ya tambaye ka, ko da mutumin ne ya kai kansa. Sannan abin da ka gani a gida, ko ka ji mutum ya faɗa kansa yana hannunka, a nan za ka bar shi. Mutane suna magana a ƙarƙashin aska fiye da yadda suke yi a gaban alƙali.

Shekarar farin nan da shanu suka yi ta mutuwa, ba mu taɓa ganin irinta ba. Ba dami, don ba a girbe komai ba. Ga reza ta shigo kantuna, magidanta suka koma aske juna a cikin gida, don kunyar kiran wanzami ba abin sallama. Abokan sana'a da yawa suka tafi ci-rani, wasu ba su dawo ba. Ni Haruna ne ya riƙe ni.

Haruna direba taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, gidansu kuma gidan askinmu ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasanmu bawana ne. Yana jan gingimari tsakanin Gwaram da Kano. A shekarar nan ya riƙa sa ni a gaban mota ya sauke ni a kasuwar Birnin Kudu, in yi shimfiɗa a gindin bishiya in aske fatake da matafiya, in ya juyo ya kwaso ni. Duk hanya yana zagin askata, ina zagin birkinsa. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, in ya yi dariya har na bayan mota sai sun ji.

Ƙahon da na fara yi masa a baya, bayan farin ne, lokacin da kuɗin fetur ya fara zagawa, motoci suka yi yawa, shi ma ya mallaki tasa. Farkon damina ya zo ya ce bayansa na ciwo, can tsakiya, kamar ana huda shi daga ciki. In ya kwanta rigingine abin ya tsananta, in ya kifa ƙirji a sitiyari ya lafa. Na ce mataccen jini ne na zaman mota, duk direbobi haka suke.

"Bawana, cire rigar."

"Wa kake kira bawa? Mutumin da ya biya kujerar Makka? Bari in dawo da haƙorin zinariya, sai ka durƙusa kafin in amsa gaisuwarka."

"Ko bakin duka ka cika da zinariya, uwarka ƙanwar ubana ce. Sunkuya."

Na jiƙa wurin, na kafa ƙahoni, na zuƙe iska na toshe da jijiya. Da fata ta taso na cire, na tsattsaga, na mayar. Jini ya fito baƙi, na nuna masa, ya ce ya ji sakayau. Bayan 'yan kwanaki ya dawo. Haka muka yi ta yi duk daminar nan. Ya kamata in lura tun da wuri cewa bayan da nake kafa wa ƙaho raguwa yake yi. Da farko ƙaho yakan kama nama, daga baya sai na nemi wuri tsakanin ƙasusuwa. Shi ya ce abinci ne ba ya yi masa daɗi. Da azumi ya kama kuma, muka ɗora wa azumi.

Jajiberin ƙaramar Sallah na je gidansu aski. Na gama da yayansa Malam Yusha'u, wanda shi ne babba a gidan, na gama da sauran maza, sai Haruna ya ce in biyo shi ɗakinsa. Ya ɗage riga.

Cibiyarsa ta cike. Wani ƙullutu ne ya fito daga cikinta, girman goro, fatar kansa ta yi duhu tana sheƙi. Na rufe ido na taɓa. Ba zafi, ba ya bugawa, tauri kamar ƙwallon goriba. Na tura shi gefe bai gudu ba, na danna bai koma ba, kamar an ɗaure shi da wani abu can ciki. Na taɓa kumburi iri-iri, amma yatsuna ba su san wannan ba.

Haruna ya ce, "Farke shi ya warke kafin tafiya. A nan fa ake ɗaura harami, daidai cibiya. Zan tsaya gaban Ka'aba kamar wanda aka liƙa wa goro a ciki?"

"Bai nuna ba."

"Yaushe zai nuna?"

"Ban sani ba. Ban ma tabbata maruru ne ba."

"Kai fa wanzami ne."

"Shi ya sa. In na farke maruru, mugunya ta fita, ya rufe. Wannan in na buɗe shi ban san abin da zai rufe shi ba. In ya ƙi fa? Ka ɗaura farin zane a kan gyambo?"

"Matsoraci. Baffa Idi ya yi asarar dumansa. Bayan Sallah zan je Sara, akwai wanzamin da bai san tsoro ba."

Daga nan gidan Baffa na wuce. Ya tsufa ƙwarai, hannu na rawa, ya daina aiki, amma shi ne Sarkin Aska, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a cikin wanzamai. Na kwatanta masa abin da na taɓa. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a jikin wata tsohuwa, tun zamanin Turawa. Wani ya farke, ba mugunya, sai ruwa da jini, kuma wurin bai rufe ba har aka binne ta. Ya ce, "Mutumin gidanka ne. Ka hana?" Na ce na hana. Ya ce, "Shi ke nan, je ka."

Haruna ya je Sara. Wanzamin can ya yi masa shimfiɗa, ya ba shi ruwa, ya ce, "Sa'idu ya sani?" Ya wuce wurin wani a Birnin Kudu, wannan ma abin da ya tambaye shi ke nan. Da la'asar sai ga gingimari a ƙofar gidana, yana danna oda kamar zai tashi unguwa.

"Kun haɗa mini baki, ku 'yan zabira! Mutum da cibiyarsa a ce sai da izinin wani?"

"Cibiyar bawa ai ta ubangidansa ce. Gobe ka tada mota mu je asibiti."

Ya zage ni tas, ya zagi zabirata. Da safe ya zo ya buɗe mini ƙofar mota, Malam Yusha'u yana ciki.

Likitan da muka samu a Birnin Kudu saurayi ne, mutumin wajen Jos, Hausarsa garau. Na zuba wa hannunsa ido, don mai sana'a ba ya rasa kallon hannun wani. Ya murza tafukansa suka yi ɗumi. Bai fara da cibiya ba, ya fara daga nesa, yana latsa ciki yana kallon fuskar Haruna. Ya daɗe a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da ya iso cibiya ɗan taɓawa kawai ya yi, sai ya ce, "Bayanka na ciwo? In ka sunkuya yana lafawa?" Haruna ya harare ni, wai ni na gaya masa. Wallahi ban gaya masa ba. Likita ya tura mu Kano, aka ba Haruna wani farin ruwa mai kauri ya sha, aka ɗauki hoton cikinsa. Ranar da muka mayar da hoton, likita ya sa Haruna ya je karɓo magani, ya tsai da ni da Malam Yusha'u.

Ya ce ciwon daji ne, kuma ba a cibiya ya fara ba. A bayan tumbi, in ji shi, akwai wani nama mai tsawo kwance a kan ƙashin baya, su suna ce masa fankiriyas, shi ke taimaka wa ciki narkar da abinci. Can abin ya tsiro, shi ya sa baya ke ciwo. Ya girma a ɓoye har ya kai hanta.

Na ce, "Likita, to me ya kawo shi cibiya? Ina baya, ina cibiya?"

Ya ce, "Malam, igiyar nan da ungozoma take yankewa, kana tsammani a nan ta ƙare? Ta waje aka yanke. Ta ciki tana nan, daga cibiya har hanta. Ta nan abinci yake isa ga jariri a cikin uwarsa. In an haife shi sai ta bushe ta koma kamar zare, amma ba ta ɓacewa har mutum ya tsufa. Irin wannan hanyar ciwon yakan bi ya fito."

Na tambaye shi da a ce an zo tun farkon damina fa. Ya ce irin wannan ciwo ko su ba kasafai suke gane shi da wuri ba, in kuwa ya fito a cibiya to ya riga ya zagaya ciki, wuƙarsu ma ba ta da abin yi. Malam Yusha'u ya yi maganar Makka. Likita ya ce rai na Allah ne, amma a iya saninsa watanni ne, kuma ba masu yawa ba. In zai je, ya je bana, zai ba shi maganin rage zafi. Ya ƙara da cewa kada kowa ya taɓa ƙullutun, a rufe shi da auduga kada tufa ta goge shi, don in fatar ta fashe ba za ta haɗe ba.

Ranar kasuwar Gwaram na je mahauta tun kafin a fara fiɗa. Na roƙi wani mahauci da ya yanka maraƙi ya buɗe cikin a hankali in gani. Muka nema muka samu. Ga naman nan, fari-fari, mai laushi, maƙale tsakanin hanji da hanta, irin wanda ake haɗawa cikin kayan ciki mutum ya cinye bai san ya ci ba. Ga kuma zaren, ya taso daga bayan cibiya ya miƙe ya shige hanta, kamar yadda likita ya faɗa. Na sa yatsa na bi shi tun daga farko har ƙarshe, na sake bi, har mahaucin ya ce, "Wanzam, saya za ka yi ko bokanci ka koma?" Shekara da shekaru ina aske jarirai, ina ganin mata suna gasa ɗanyar cibiya har ta faɗi, ban taɓa sanin daga waje kawai aka rufe ta ba, hanyar tana nan a cikin kowannenmu. Na tsaya cikin jini da ƙudaje ina ta tasbihi.

Malam Yusha'u ya yanke shawara ba za a gaya wa Haruna ba. Ba mugunta ba ce, haka ake yi, ba a karya wa mara lafiya zuciya. Kuma yana tsoron ƙaninsa ya mutu a hanya cikin baƙi, 'ya'yansa ba su gan shi ba. Ya ce masa likita ya ce ciwon ciki ne mai jinkirin warkewa, a ɗaga tafiya zuwa baɗi. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce, "Sa'idu, kai wanzamin gida ne. Ka san yadda ake yi da abin da aka ji." Na ce na sani.

Haruna ya yi gardama, daga baya ya haƙura, don bai saba ƙetare maganar yayansa ba. Aka tsai da cewa ran Asabar zai shiga Kano ya ce a ba wani kujerarsa.

Ran Juma'a da hantsi na je yi masa aski. Ya zauna a tabarma ya rungume matashi saboda baya. Na jiƙa kan, na fara daga ƙeya. Wuyan nan da na sani kamar turmi, yanzu hannuna ɗaya ya kusa zagaye shi.

Ya ce, "Yaya ya ce baɗi."

Na ci gaba da aski.

"Ba ka ce komai ba. Kai da bakinka ba ya rufuwa."

"Aiki nake."

"Sa'idu, kun daɗe a ɗakin likitan nan. Ni fa direba ne. In bakanike ya ja mai mota gefe, na san ba maganar fulogi ba ce."

Na ɗaga aska daga kansa na goge ta a tafin hannu. Baffa ya koya mini in rufe baki a kan abin da na ji a gidan mutane. Bai taɓa gaya mini yadda zan yi ba in maganar ta mai kan da ke hannuna ce, kuma shi kaɗai ne bai ji ta ba.

Na ce, "Da ni ne, bana zan tafi."

Ya ƙara matse matashin a ƙirjinsa. Sannan ya ce, "Ba baɗi ke nan."

"Baɗi na Allah ne. Likita dai bana ya ce."

"Faɗa mini duka. Kada ka rage."

Na faɗa masa yadda likita ya faɗa, naman da ke bayan tumbi, da hanta, da igiyar da ba ta ɓacewa. Na gaya masa har mahauta na je na gani da idona. Ya sa hannu a ƙarƙashin riga ya dafa cibiyarsa.

"Wato ta inda Inna ta ciyar da ni."

"Ta nan."

"Duk ƙasar nan ba hanyar da ban sani ba, ashe akwai wata a cikina ban taɓa jin labarinta ba. Ikon Allah." Ya yi ta maimaita ikon Allah, ba irin faɗar mai tsoro ba, irin yadda ya faɗa ranar da muka fara ganin jirgin sama yana sauka a Kano. Can ya ɗago ya ce, "To ƙarasa mana. Ko da rabin kai zan shiga jirgi?"

Ran Asabar bai je Kano ba. Malam Yusha'u bai yi mini faɗa ba, ya dai daina amsa gaisuwata sai da kai. Da gashinsa ya taru ya aika aka kira wani wanzami. Mutumin ya zo ya tambaye ni, na ce ya je ya aske shi. Tun kakana ba a taɓa yin haka a gidan nan ba.

Aikin da na yi wa Haruna kafin tafiya, ba aska a ciki. Na naɗa ɗan ƙaramin gammo na auduga, mai rami a tsakiya, yadda zai kewaye ƙullutun, zane ya zauna a kan gammon bai taɓa fatar ba. Muka gwada da haraminsa, ya tashi, ya zauna, ya yi ruku'u, na gyara, muka sake gwadawa. Na naɗa masa da yawa, na koya wa wani maƙwabcinsa da za su tafi tare yadda ake sawa. A motarsa muka kai shi filin jirgi, wani yana ja, shi yana gefe yana ta gyara masa tuƙi.

A lokacin ba a jin labarin alhazai sai sun sauka. Muka yi babbar Sallah ba mu san ko yana raye ba. Kowace mota ta tsaya a tasha sai in ga Malam Yusha'u ya fito ƙofar gida.

Ya dawo. Ɗauke shi aka yi daga mota zuwa ɗaki, idanunsa sun yi rawaya, ba abin da ya rage sai murya. Maƙwabcin nan ya ce ɗawafi a kan gadon katako aka yi masa, ƙarti suna ɗauke da shi, amma a Arfa ya ƙi zama, da ƙafarsa ya tsaya yana dafe da kafaɗar maƙwabcin. Da masu barka suka ragu ya sa aka kira ni, ya ce in saki labule. Na ɗage rigar, na cire gammon. Ƙullutun ya kai girman lemo, fatar ta miƙe har tana ɗaukar ido, amma ba ta fashe ba.

Ya nuna akwatinsa ya ce, "Ciro haramin. Na hana a wanke sai ka gani. Buɗe shi duka, kai mai ido."

Na shimfiɗa shi a tabarma, na bi shi daga wannan baki zuwa wancan. Akwai dauɗar tafiya, akwai shatin zufa. Ba jini, ba ruwan ciwo.

Na ce, "Ko ɗigo."

Ya ce, "Ko ɗigo. Ka gaya wa Yaya a ciki za a sa ni."

Bai kai sharar gona ba. Da safen da ya cika, Malam Yusha'u da kansa ya zo ƙofar gidana. Bai yi doguwar magana ba, ya ce, "Kai ka san wurin. Zo mu yi masa wanka." Muka yi, shi yana zuba ruwa ni ina bi da hannu. Muka naɗe shi a haraminsa, aka ƙara farin yadi a kai. Da na zo ɗaure likkafanin daidai ciki, na ja igiya, sai Malam Yusha'u ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Sassauta, Sa'idu. Kada ya goge shi."